Kwado Biyu a Ƙofar Mangaza: Littafin Aikin Manhajar Warantaji

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau aka gama magana, aka sha shayi, aka tashi. Ƙungiyar manoma ce mai mambobi 214 a ƙauyuka huɗu ta wajen Mirriya, ofishinta ɗaki ɗaya ne a Sabon Gari, nan cikin Damagaram. Warantaji suke yi: da kaka manomi ya kawo wake ko gero ko riɗi a zuba a mangaza, asusun lamuni ya ba shi bashi daidai da wani kaso na darajar kayan, in bazara ta kama hatsi ya yi tsada sai a sayar, ya biya bashi ya riƙe abin da ya saura. Duk lissafin nan yana cikin manyan littattafai uku, ɗaya ma gara ta fara cin bayansa. Suna son manhaja a wayar Android wadda za ta yi aiki ko da rezo ko babu, kuma ta kammala kafin a fara buɗe mangaza a watan Mayu.

Mu biyu ne a aikin, ni da wata ɗaliba ta Jami'ar André Salifou da ke neman inda za ta goge hannu kafin ta gama karatu. Kuɗin bai kai a ɗauki na uku ba.

Da Alhaji shugaban ƙungiya ya kai mu ganin babbar mangazar, ba buhunan ne suka ɗauki idona ba, ƙofar ce. Kwado biyu ne a jikinta. Makullin ɗaya yana aljihun mai kula da mangaza, na ɗayan yana hannun wakilin asusun lamuni. Na ce, "Alhaji, in ɗaya ya yi tafiya fa?" Ya ce, "Sai a jira shi, ɗana. Hatsi ba ya gudu." Na rubuta maganar a bayan takardar yarjejeniya.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwana goma ke nan ba mu rubuta layi ɗaya na manhaja ba, kuma ban ji kunya ba. Zane muke ta yi a takarda: wa ke taɓa me, ta ina bayani ke shiga, ta ina yake fita, in an sace waya a Kasuwar Dole ranar Alhamis me ɓarawon zai samu.

Shawarar da na yanke tun farko ita ce, a fannin tsaro ba za mu ƙago komai namu ba. Na taɓa yin wannan wautar. A aikina na farko na ƙirƙiro hanyata ta ɓoye kalmar sirri, ina jin babu ya ni, sai wani abokina ya warware ta a fada kafin shayi na biyu ya dahu. Tun daga ranar na horu.

Abin da za mu bi shi ne zubi. Da ɗalibar ta ce in bambance mata zubi da kwafar aikin wani, sai na ba ta misali da masu aikin babbar riga. Mai ɗinki ba ya zama ya ƙago aska takwas duk lokacin da aka kawo masa riga. Ya san siffarta, ya san inda take zama a ƙirji, ya san yadin da ke ɗaukarta da wanda ba ya ɗauka. Zare da hannu nasa ne, zubin kuwa na kowa ne. Haka a manhaja: matsala ce mai yawan dawowa, da maganin da aka jarraba shekara da shekaru, da sunan da duk ɗan sana'a ya sani, tare da bayanin abin da maganin zai ci maka, don babu zubin da yake kyauta.

Tunanin ma daga magina ya fito. Christopher Alexander, masanin zanen gine-gine, shi da abokan aikinsa suka tara zubi 253 na gina gari da gida a 1977. A 1994 mutum huɗu, Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides, suka tara 23 na manhaja. Shekara uku bayan haka Joseph Yoder da Jeffrey Barcalow suka fito da guda bakwai na tsaro, cikinsu har da ƙofar shiga ɗaya tak da wurin bincike a bakin wannan ƙofar.

Wanda ya tashi a Birni bai buƙatar wani ya karanta masa wannan. Gida komai girmansa zaure ɗaya gare shi. Baƙo ya yi sallama, a zaure ake sanin ko wane ne, a nan ake yanke ko zai wuce ciki ko nan ne iyakarsa. Ba wanda ke zaunar da mai gadi a ƙofar kowane ɗaki, don wata rana sai an manta da ɗaki ɗaya. Saboda haka duk buƙatar da za ta zo daga waya zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan kowa, sai ta bi ta wuri ɗaya, a yi mata tambaya uku: wane ne kai, mene ne matsayinka, abin da kake nema yana cikin naka? A cikin rubutun manhajar ma sunan da muka sa wa wannan sashe ke nan, zaure.

Asabar, 25 ga Janairu

Kayan aiki sun tsaya: Django na rubuta manhaja da PostgreSQL na rumbun bayanai a uwar garke, ƙaramin rumbun SQLite a waya, kulle da SQLCipher mai amfani da hanyar ɓoye bayanai ta AES-256, don in waya ta ɓata a iske bayanan ba sa karantuwa.

Matsayi huɗu muka fitar: mai kula da mangaza, wakilin asusu, ma'aji, shugaba. Ba mutum ake bai wa izini ba, matsayi ake bai wa, sai a ɗora mutum a kai, in ya sauka a sauke shi. Kowane matsayi kuma iyakar abin da aikinsa ke buƙata. Duk abin da ba a rubuta an yarda ba, an hana. Alhaji bai ji daɗi ba da ya gane zai ga komai amma ba zai iya canja ko tiya ɗaya ba. Ya ce, "Yanzu ni ne shugaba ko kuwa ɗan kallo?" Na ce, "Ranku ya daɗe, ranar da lissafi ya ɓace, wanda bai da ikon taɓawa shi ne ba a tuhuma." Ya yi shiru, sannan ya ce a bar shi haka.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun fara kwashe littafi na farko zuwa manhaja, nan take muka ci karo da abin da babu littafin Turawa da zai gargaɗe ka a kai. Sakataren ƙungiya ya shigar da bashin wani manomi, manhaja ta nuna sefa 4,000. A littafi kuwa jaka ashirin ne. Muka duba, muka sake dubawa. Ashe bakinsa da kansa da dala suke lissafi, kamar kowa a kasuwa. Dala sefa biyar ce, jaka ashirin dala dubu huɗu ke nan, shi ya rubuta 4,000, manhaja ta ɗauka sefa ce. Da haka ta tafi, da an yafe wa mutum kashi huɗu cikin biyar na bashinsa ba da sanin kowa ba. Wanda ya lura da wannan da mugun nufi kuwa ba ya buƙatar fasa komai, sai ya ce kuskure ne.

Maganin tsohon zubi ne: kada kuɗi ya yi yawo a manhaja a matsayin lamba tsirara. Muka yi masa nau'insa na kansa mai suna Kuɗi, a ciki sefa ce kullum, cikakkiyar lamba babu ɗigo. Ba a iya samar da shi sai an faɗi ma'aunin da aka shigar, ba ya karɓar abin da ke ƙasa da sifili, ba a iya haɗa shi da adadin buhu. A fuskar waya kuma, da zarar ka rubuta, za ta maimaita maka da kalmomi: jaka ashirin, haka ne? Mun yi wa hatsi irin wannan, don tiya da buhu da kilo su ma suna da tasu rigimar. Wajen tiya arba'in ke cika buhun kilo ɗari, amma tiyar wani ƙauyen ta fi ta wani tudu.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wannan laifina ne, bari in rubuta shi yadda ya faru.

Akwatin neman suna ya yi nauyi, sai na ce bari in kauce wa hanyar Django sau ɗaya kawai, in rubuta tambayar SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai, da hannuna, in liƙa sunan da aka buga a tsakiyarta. Dare ya yi, ga sanyin hunturu, na gwada da sunaye biyu ta yi aiki, na kwanta. Da safe ɗalibar ta nemi wata mamba mai suna irin su Sa'adatu, sai manhaja ta faɗi. Ta gwada Mas'udu, ta sake faɗi. Ta juyo ta ce, "Malam, duk sunan da ke da ɗan wakafin nan na sama yana kashe ta."

Gabana ya faɗi, don na san abin da hakan ke nufi. A SQL wannan alama ita ce ke rufe zance. Tunda na liƙa sunan kai tsaye, rumbun bayanai ya ɗauki "Sa" a matsayin suna, ragowar kuma a matsayin umarni. Inda "adatu" ta shiga ta ba da kuskure, nan mai wayo zai zuba umarnin da yake so, ya kwashe sunan kowa da bashin kowa. Wannan rami tun 1998 aka bayyana shi a fili, amma ta cikinsa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci su tarar fam 400,000. Su da tarin ma'aikata ke nan, balle ni da nake aiki da dare ido na rufewa.

Gyaran layi uku ne: a aika umarni daban, a aika sunan daban a matsayin bayani, yadda rumbu ba zai taɓa karanta suna a matsayin umarni ba. Amma gyaran bai ishe ni ba, don ni ɗin da na yi jiya zan iya sake yi gobe. Sai muka tattara duk maganar da ake yi da rumbun bayanai a sashe ɗaya, muka kuma sa gwaji mai sarrafa kansa da ke bin duk rubutun manhaja, in ya ga SQL na hannu a wajen wannan sashe ya ƙi barin aikin ya wuce. Yanzu ko na so yin ganganci sai na fara faɗa da abin da na gina.

Abin dariya, sunayenmu na Hausa ne suka yi mana binciken tsaro kyauta. Da sunayen ƙauyen ba su da hamza, da ramin yana nan har Mayu.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na ba ɗalibar aiki ɗaya na mako guda: ta zama ɓarauniya. Na ba ta asusun mai kula da ƙaramar mangaza, na ce duk abin da ta iya gani wanda ba na ƙauyenta ba ne, ta kawo min.

Ta fara da lambar rasit. Nata 412 ne, ta canja ya koma 413, zaure ya ce ba naki ba ne. Ta gwada aika buƙata ba tare da shiga ba, ya kore ta. Har na fara hura hanci. Ranar ta huɗu ta ajiye min takarda a gaba, sunayen mambobi 214 da lambobin wayarsu da bashin kowa. Ta maɓallin fitar da rahoto zuwa Excel ta bi. Na ƙara shi ne a gaggauce ranar da ma'aji ta ce tana son abin da za ta buga a takarda, kuma na haɗa shi kai tsaye da rumbu. Na gina zaure mai kyau, na zagaya baya na fasa taga.

A jerin manyan haɗurra goma da OWASP, ƙungiyar masu tsaron manhaja, ta fitar a 2021, karyewar iyakar izini ita ce ta ɗaya, a da tana ta biyar. Na gane dalili yanzu. Ba wahalar rubutawa gare ta ba, wahalar tunawa ce a kowane wuri. Mun juya tsarin: maimakon kowace hanya ta tuna ta kira zaure, yanzu manhaja ba ta ma tashi in akwai hanyar da ba ta bayyana matsayin da ke da izinin binta ba.

Wannan takarda ta kuma tuna min cewa ba amanar ƙungiya kaɗai ke kanmu ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Mun cire ranar haihuwa da lambar katin shaida daga abin da muke ajiyewa, tunda babu lissafin da ke buƙatarsu. Abin da ba ka ajiye ba, ba a sace maka shi.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi. Aiki ya koma daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan asham.

Hajiya ma'aji ta zo da ƙorafi. Ta shigar da biyan wani sau ɗaya bisa kuskure a kan sunan ƙanensa, ta nemi inda za ta goge ba ta gani ba. Ta ce, "Ɗan nan, ko fensir yana da abin gogewa." Na ce, "Hajiya, da gangan ne." A littafin manhajar ba a gogewa, ba a gyara layin da ya riga ya shiga. In an yi kuskure sai a rubuta sabon layi da ke warware na farko, da dalili, da sunan wanda ya warware, sannan a rubuta na daidai. Layi uku a maimakon ɗaya. Ta ce wannan ai tonon asiri ne, kowa zai ga ta yi kuskure. Na ce haka ne, amma kowa zai ga kuskure ne kawai, kuma ranar da wani ya ce an ci masa kuɗi, layukan nan uku ne shaidarku.

Ba a fuskar waya kaɗai muka hana ba. Asusun da manhaja ke amfani da shi wajen shiga PostgreSQL ba shi da ikon gogewa ko canjawa a wannan tebur, ƙari kawai. Sannan kowane layi yana ɗauke da hatimin SHA-256 da aka lissafa daga abin da ke cikinsa haɗe da hatimin layin da ya gabace shi, kamar tasbaha, in ka zare ƙwaya ɗaya sai duk na bayanta su nuna. Duk Juma'a manhaja na fitar da hatimin ƙarshe, Hajiya na rubuta shi da biro a tsohon littafinta. Wannan don ni ne. Ni ke riƙe da uwar garke, kuma bai kamata ƙungiya ta dogara da kirkina ba.

Ta tafi ba ta gamsu ba sosai. Ta dai ce a ƙara girman rubutun.

Juma'a, 21 ga Maris

Gwajin ƙauye na farko. Rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Wakilin asusu ya danna "aika", waya ta yi ta juyi, ya sake dannawa, biya ɗaya ya shiga sau biyu. Saƙon farko ya isa, amsar ce ta ɓace a hanya.

Yanzu kowane aiki waya na yi masa lamba ta musamman tun kafin a aika. In uwar garke ta ga lambar da ta taɓa gani, sai ta mayar da tsohuwar amsa, ba ta sake rubuta komai. Danna sau goma, biya ɗaya ne. Rabin yini ya ci mana, ya kamata a ce tun Janairu na sa shi.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun salla, zafi ya sauka da ƙarfinsa. Kwamfutata na kashe kanta da azahar, sai na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta.

Maganar kalmar sirri. Yawancin masu riƙe wayoyin ba za su iya da doguwar kalma mai haruffa da alamomi ba, don haka lamba shida muka zaɓa. Lamba huɗu hanya 10,000 ce kawai, shida kuwa miliyan ɗaya. Ko miliyan ɗin ba komai ba ce a wajen na'ura, shi ya sa ba ita kaɗai ba ce: sai an haɗa da wayar da aka yi wa rajista, kuma bayan kuskure biyar jira yana ninkuwa. A uwar garke ba ma ajiye lambar kanta. Niƙa ta ake yi da Argon2, wanda ya ci gasar hanyoyin niƙa kalmar sirri a 2015, a zuba wa ta kowa gishirinta daban, wato wasu haruffa na ƙari da ake cakuɗa mata kafin niƙa. Gari ba ya komawa tsaba. In mutum ya buga lambarsa sai a sake niƙawa a gwada garin da garin. Layi biyu ne a saitin Django, kuma sun fi duk abin da na ƙago a fada shekarun baya.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kwado biyu sun shiga manhaja. Fitar da buhu sai da sa hannu biyu: wayar mai kula da mangaza ta rubuta buƙata ta nuna lambar QR, wayar wakilin asusu ta ɗauka, ta duba ko an biya bashin, ta sa hannu da makullinta na sirri wanda ba ya barin cikin wayar, ta mayar. Duk wannan ba ya buƙatar rezo. In an dawo gari sai su kai wa uwar garke rahoto, ita ma ta sake tantance hannun biyu.

Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ƙa'idoji takwas na kare bayanai a kwamfuta tun 1975, ɗaya daga ciki ita ce wannan, har misali suka ba da na kulle mai buƙatar makulli biyu. Ina ta jin daɗi manomanmu sun riga ni sanin abin. Sai ƙa'idarsu ta takwas ta zo ta kama ni, wadda ke cewa in tsaro ya yi wa mutane nauyi za su zagaye shi.

Ga yadda aka yi. Ɗalibar na duba littafin ayyuka sai ta ga wata rana sa hannun mai kula da mangaza da na wakilin asusu sun shiga a gwaji goma sha ɗaya, tsakanin kowane biyu daƙiƙa kaɗan, ranar da muka san wakilin yana Yamai wajen rasuwa. Muka bincika a hankali. Ba sata ba ce. Da zai tafi, sai ya bar wayarsa da lambarsa wajen mai kula da mangaza don kada aiki ya tsaya. Mutum ɗaya, makulli biyu. Da kwadon ƙarfe ne ba zai yi haka ba, don ya san nauyin makulli a aljihu, amma waya a wajensa waya ce.

Na so in yi faɗa, sai na ga laifin na tsarin ne. Mun gina ƙofa ba mu tanadi ranar da mai makulli zai yi tafiyar kilomita kusan 900 ba. Alhaji ya ce a jira, amma a Mayu manomi mai neman kuɗin iri ba zai jira mako guda ba. Saboda haka muka ƙara wakilci: mai makulli na iya miƙa ikonsa ga wani da aka riga aka yi wa rajista, na kwanaki ƙidayayyu, da amincewar shugaba, ikon ya faɗi da kansa in wa'adi ya cika, kuma manhaja ba za ta taɓa yarda ikon biyu su haɗu a hannun mutum ɗaya ba. Alhaji ya ji daɗin wannan, ya ce ashe dai an bar masa abin dannawa.

Abin da ban iya magancewa ba shi ne mutum ya miƙa wayarsa da lambarsa ga wani. Na zauna da su duka na yi bayani, wakilin ya ce ba zai ƙara ba. Na sa manhaja ta riƙa ɗaga tuta in ta ga irin wancan jerin. Iyakar ƙarfina ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

Tun Fabrairu ake ɗaukar kwafin rumbun bayanai kowane dare: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gari. Kullum saƙo na zuwa cewa an yi nasara. Yau na ce bari mu yi kamar uwar garke ta ƙone, mu ta da komai daga kwafi a kan wata kwamfuta.

Ba mu iya ba. Kwafin yana nan lafiya, a kulle kamar yadda ya kamata, makullin buɗe shi kuwa yana kan uwar garken da muka ce ta ƙone. Wata uku ina barci da daɗi a kan akwatin da na kulle na jefa makullin ciki.

An buga makullin a takarda biyu, an sa a ambulan an liƙe, ɗaya wajen Alhaji, ɗaya wajen asusun lamuni. Muka sake gwadawa, minti 47 komai ya dawo, hatimin ƙarshe ya yi daidai da wanda Hajiya ta rubuta da biro jiya. Ta ce in sake karanto mata shi harafi harafi. Gwajin nan zai zama na kowane wata.

Cikin binciken ne kuma na iske tsohuwar kalmar sirrin rumbun bayanai a tarihin Git, ma'ajin da ke riƙe duk canjin da aka taɓa yi wa rubutun manhaja, tun makon farko na sa ta na manta. An canja ta. Goge ta daga fayil ba ya fitar da ita daga tarihi.

Alhamis, 22 ga Mayu

An buɗe mangaza ta farko. Buhu 63 suka fita kafin la'asar, kowanne da hannu biyu. Hadari ya taso ta gabas ya watse bai zubar ba, kowa hankalinsa na kan shuka.

Matsala ɗaya aka samu, kuma ta tsaya min a rai. Wani dattijo ya zo da amalanke zai ɗauki wakensa buhu huɗu. Ɗansa ya biya bashin a ofis da safe, bayan wakilin ya baro gari, don haka wayar wakilin ba ta san da biyan ba. Ta ƙi sa hannu. Ga rasit a hannunsa, kowa a wurin ya san shi, ba wanda ke shakkar gaskiyarsa. Mai kula da mangaza ya dube ni ya ce, "Malam, ba wata hanya ta baya?" Da Fabrairu ne da akwai, kuma da ni na fasa ta. Na ce babu. Tsarin in bai tabbatar ba, hanawa yake yi.

Na ce wa dattijon, "Baba, ku yi haƙuri, laifin ba naku ba ne." Ya ce shanunsa ne ke shan rana, ba shi ba. Aka sa wani yaro ya goya wakilin a kabu-kabu zuwa kan wani dutse da ke bayan gari inda rezo ke kamawa, wayar ta ɗauko sabon lissafi, suka dawo bayan minti arba'in, aka sa hannu, aka ɗora wake. Dattijon bai ce min komai ba da zai tafi.

A hanyar dawowa ɗalibar ta kawo shawarar da ta fi tawa: rasit ɗin da ofis ke bayarwa shi ma ya ɗauki lambar QR mai sa hannun ma'aji, yadda wayar wakili za ta iya tantance biya daga takardar kanta ba tare da rezo ba. Zubin da muka yi wa ƙofar ne, za a sake amfani da shi a wani wuri. Sai dai dole a hana kawo rasit ɗaya sau biyu a mangaza biyu, kuma ɗaya daga cikin wayoyin agogonta na komawa baya duk lokacin da batir ya mutu, wanda zai rikita wa'adin wakilci. Ita za ta ɗauki rasit, ni in ɗauki agogo. Mangaza ta biyu Litinin ce, kuma can ko dutsen babu.